Yadda Aka Yi wa Bappa Buba Ta'aziyyar Kansa

Ni ba tsoho ba ne. Gashin kaina bai fara fari ba, takardar digirina kuma ba ta daɗe a cikin akwati ba. Amma wanda ya tashi a Mubi kafin wayar hannu ta shigo, ya kuma ga garin ya watse ya sake taruwa, yana da izinin yin magana irin ta dattawa, domin duniyar da ya yi ƙuruciya a cikinta ta tafi ba ta jira ya tsufa ba. Abin da ya tayar mini da wannan tunani ƙarami ne. Ina koyar da Hausa a wata makaranta a bayan gari, kafin Allah ya kawo aikin da ake jira, sai na ba 'yan aji uku irin aikin da aka sha ba mu: su rubuta insha'i a kan ranar da ba za su taɓa mantawa da ita ba. Waɗannan fa yara ne da suka taka da ƙafafunsu har Kamaru a shekarar da aka gudu. Wasu goya su aka yi, wasu su suka yi goyon. Sun kwana a gonakin mutane, sun sha ruwan da yau ko kallonsa ba za su iya ba. Na zaci zan daɗe ina karatu ina share hawaye. Abin da na tarar shi ne 'yan layuka, kalmomi a guntule kamar an ce kowane harafi sai an biya masa haraji. Wata yarinya ta rubuta cewa ranar akwai wahala sosai, ta ɗiga aya, ta rufe littafi. Wani yaro kuma ya cika shafi da labarin bikin ranar haihuwarsa a bakin teku, har da jirgin ruwa, alhali na san iyakar ruwan da ya taɓa gani shi ne mayo, wato kogin garinmu, idan ya cika da damina. Da na tambaye shi bai ko ɓoye ba. A wayar yayansa ya samo, wayar ce kuma ta juya masa shi zuwa wani abu mai kama da Hausa.

Mu kuwa babu abin da ya taɓa samunmu. Ranakunmu duk iri ɗaya ne, har da wuya a ce ga wadda za a tuna. Da safe a yi sharar ƙofar gida, a cika randa, a kai wa awaki dusa, sannan a sheƙa a guje kafin a buga ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin darbejiyar makaranta. Ranar kasuwa garin yakan tashi da kukan shanu da hon ɗin manyan motoci masu lodi zuwa kudu, warin kashin shanu ya biyo iska har cikin aji. Sautin da na fi tunawa kuwa shi ne na alli yana gogar allo, da na aji guda yana rubutu a lokaci ɗaya, wani irin sassanyan kirtawa kamar ɓeraye a rumbu. Idan biro ya ƙi, a murza shi tsakanin tafuka, a hura masa iska, a kirta a tafin takalmi har ya dawo hayyacinsa. Wanda nasa ya fashe a aljihu, wannan tabon zai bi shi har ƙarshen zango, tare da faɗan uwarsa. A cikin wannan zaman lafiya, da babu wani babban labari a cikinsa, mu muke cika shafuka har mu tsallaka gefen layi.

Dalilin haka wani dattijo ne, Malam Ɗanjuma, malaminmu na Hausa. Dogo ne, siriri, yana tafe da jan biro a aljihun gaba da farin hankici a na gefe. Yakan ce insha'in da bai motsa zuciyar mai dubawa ba ɓarnar tawada ne, kuma jimlar da ba za a iya karanta ta da babbar murya ba tare da an yi tuntuɓe ba, ba ta gama nuna ba. Idan aikin mutum ya yi masa daɗi yakan karanta wa aji, in ya kai wurin da ya taɓa shi sai ya ciro hankicin ya goge ido. Fitowar hankicin nan ita ce babbar lambar yabo a wurinmu, ta fi duk abin da jan biro zai rubuta. Ba mu daɗe ba muka gane abin da ke fito da shi. Labarin zuwa Sallah a ƙauye ba ya fito da shi. Labarin cin jarrabawa ba ya fito da shi. Mutuwa ce kaɗai ba ta taɓa kuskure ba. Daga nan duk lokacin da aka ba da insha'i a kan ranar da ba a mantawa, ko abin da ya fi ba mutum tsoro, ko ma amfanin damina, sai wani a dangi ya riga mu gidan gaskiya. Na san yaron da aka ce ya rubuta yadda ake dafa shinkafa, kakarsa ta cika tana tsakiyar tsince tsakuwa.

Al'adar tana da dokokinta, waɗanda manyan ɗalibai suke miƙa wa ƙanana. Na farko, wanda ya riga ya rasu ake rubutawa, sai dai a matso da ranar kusa, a ƙara mata ruwan sama da gajimare. Na biyu, idan dole sai mai rai, to ya zama na nesa ƙwarai, can cikin Kamaru, wanda ko labari ya fita sai ya gaji kafin ya isa wurinsa. Na uku, ba a taɓa iyaye. Ni Allah ya rufa mini asiri, domin kakannina fatake ne da suka zo daga ƙasar Katsina, suka baro dangi masu yawa da suka rasu tun ba a haife ni ba, har nakan ba abokai aro. Malam Ɗanjuma ya san komai. Bai taɓa tambayar wa ya rasu ba, tambayarsa ita ce yaya aka faɗe shi. Ba na kare ƙarya, amma ina so a lura da wahalar da ke cikin irin tamu. Kafin ka binne mutum a takarda sai ka je wurin tsohuwar gidanku ka tambayi yadda ake wanka da suturta gawa, wa ke shiga kabari, me mata ke faɗa idan an ɗaga makara, yaushe mai takaba take fita. Kalmomin da na koya ta wannan hanya sun fi waɗanda na koya a jami'a zama a kaina. Yaron yau da ya kwafo daga waya bai tambayi kowa ba, bai ma karanta abin da ya kwafo ba. Mun yi ƙarya da gumin goshinmu, shi kuwa ko ƙaryar ba tasa ba ce.

Abokina Hamidu, wanda muke zama benci ɗaya kuma katangar gidajenmu ɗaya, shi ne al'adar ta fi takura wa. Danginsa Fulanin wajen Mayo Bani ne, mutane masu nisan kwana. Kakarsa tana tatsar shanu da hannunta, mahaifin kakarsa ma yana nan yana faɗa a kan iyakar gona. Mamaci ɗaya tak yake da shi, wani kawunsa, shi yake ta juyawa, yau ruwa ya ci shi, gobe maciji, har ranar da Malam Ɗanjuma ya rubuta masa da jan biro cewa Allah ya jiƙan kawu, amma a bar shi ya huta haka. Ya gwada mutuwar saniya, hankici bai fito ba. Ga shi kuwa a duk ajin babu mai alƙalami irin nasa. Hausar gidansu gauraye take da Fulatanci, amma idan ya zauna rubutu sai ka rantse a tsakiyar Kano aka yanke masa cibiya. Yana son makaranta irin son da ba ya ɓoyuwa, shi ne mai fara zuwa, shi ne mai goge allo ba a sa shi ba.

Mahaifinsa, wanda duk unguwa ke kira Bappa Buba, dillali ne a kasuwar shanu, wadda mu muke kira tike. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai 'yar furfura a gemu, wanda da ido kawai yake auna saniya. A zangon ƙarshe na aji uku ya yanke hukunci cewa karatun Hamidu ya isa haka. Idan an yi hutu zai fara bin motocin shanu zuwa kudu, domin shi ne babban ɗa, kuma uban ya gaji da ba 'ya'yan wasu amana. Ba mugunta ba ce. Yakan ce ya ga waɗanda suka gama kwaleji suna acaɓa a bakin tike, su ne ma suke ɗaukarsa zuwa gida, to me zai sa ya jira shekaru kafin ɗansa ya sami babur? Uwar Hamidu, Dada, ta yi magana, bai ji ba. Mahaifina ya yi magana, ya saurare shi cikin girmamawa har ƙarshe, ya raka shi ƙofa, bai sauya ba. Hamidu ya daina wasa, ya daina cin abinci sosai. Da Malam Ɗanjuma ya ba mu insha'in ƙarshe, Hamidu ya ce mini idan dai barin makarantar zai yi, to sai ya ga hankicin nan ya jiƙe ko sau ɗaya. Bai gaya mini wanda ya zaɓa ba. Lissafinsa shi ne Malam Ɗanjuma ya san Bappa Buba, masallacin Juma'a ɗaya suke zuwa, zai karanta ya yi hawayensa ya ja masa kunne, magana ta mutu a nan.

Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne takardar ritayar Malam Ɗanjuma, wadda ta daɗe tana yawo a ofisoshi, ta zaɓi wannan makon ta iso. Dattijon ya yi mana sallama, ya bar tarin littattafanmu a kan tebur ba a duba ba. Wanda ya gaje shi wani matashi ne sabon zuwa daga Zariya, Malam Sagir, mutum mai taushin zuciya, wanda bai san kowa a garin ba, bai kuma san cewa kakanninmu suna mutuwa kowane zango su tashi ba. Littafin Hamidu ne a saman tarin, domin shi ya tattara ya kai.

Ranar Asabar da hantsi ina dawowa daga ɗibar ruwa, sai na yi kiciɓis da Malam Sagir a bakin lungunmu, tare da shugaban makaranta da wasu malamai biyu, duk cikin fararen kaya, fuskokinsu a sunkuye. Ɗaya yana riƙe da ƙunshin goro, Malam Sagir yana rungume da littafi. Suka ce in kai su gidan su Hamidu. Na ajiye jarka na shige gaba, ina zaton roƙo suka zo yi a bar shi ya ci gaba da karatu, har ina jin daɗi. Mutanen lungu kuwa sun fi ni sanin abin da irin wannan tafiya take nufi. Duk wanda ya ga fararen kaya da goro da sunkuyar da kai sai ya saka takalmi ya biyo baya yana salati a hankali, bai tambayi komai ba. Kafin mu isa mun zama ayari.

Bappa Buba yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida yana shan fura da nono, tare da amininsa kuma abokin wasansa, Ba Modu, wani Babarbare mai sayar da igiyoyi a tike, wanda kullum yake cewa Fulani bayinsa ne, Bappa kuma ya ce Barebari ne bayin. Malam Sagir bai taɓa ganin Bappa ba, haka ma sauran malaman. Ya ɗauka ƙanen marigayi ne ko wansa. Suka cire takalma, suka zauna, ya miƙa hannu biyu ya tambaye shi yaya aka ji da haƙuri. To a garinmu ba a tarbar mai ta'aziyya da tambaya. Mutum mai dangi a ƙauyuka da rugage yana iya yin rashi bai ji ba tukuna, kuma abin kunya ne baƙo ya gane ya riga ka sani. Saboda haka Bappa ya ture ƙwaryar fura gefe, ya gyara fuska, ya amsa da cewa da godiya. Shugaban makaranta ya ce ashe abin da ya faru ke nan, Bappa ya ce wallahi kuwa, haka Allah ya so. Aka ce mutumin kirki ne, ya ce ƙwarai, ba a samun irinsa. Aka ɗaga hannu don addu'a, ya ɗaga nasa sama da na kowa.

"Allah ya jiƙan Alhaji Buba, ya haskaka kabarinsa," in ji Malam Sagir.

Bappa ya ce amin da ƙarfi, ya ɗauko tafukansa zai shafa, sai suka tsaya a tsakanin ƙirji da fuska. Ya juya ya dubi Ba Modu, ya dubi malamai.

"Malam, wane Buba ɗin? Buba na tike ni kaɗai ne a unguwan nan."

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a tsare. Wani maƙwabci da ya iso a makare yana kuka ya ga mamaci zaune da ludayi a gefensa, ya juya ya koma ba tare da takalminsa ba. Ba Modu ya kwanta a kan tabarma yana dariya har numfashinsa ya sarƙe, yana cewa shi dama ya lura tun safe furar ba ta raguwa. Malam Sagir ya buɗe littafi yana nuna shafin da hawayensa suka ɓata, kamar shaida ce da za ta iya kayar da Bappa. Aka nemo Hamidu, aka same shi a bayan turken awaki, aka kawo shi. Shugaban makaranta ya fara ba da haƙuri, yana alkawarin hukunci mai tsanani ranar Litinin a gaban taron ɗalibai. Bappa ya ɗaga masa hannu. Ya ce tunda an kashe shi, yana da haƙƙin ya ji yadda aka yi. A karanta masa, daga farko, kada a tsallake komai. Ya ce wanda ya yi kisan ba zai karanta ba, malamin kuma kuka zai hana shi. Idonsa ya sauka a kaina.

Na karanta a gaban mutane sau da yawa bayan wannan rana, har a gaban malaman jami'a, amma ban sake karatu mai nauyin wannan ba. Na tsaya, na riƙe littafin da hannu biyu kamar yadda Malam Ɗanjuma ya koya mana, na fara. Hamidu ya buɗe da safiyar ranar kasuwa, uban yana ɗaura rawani yana faɗa a kan an ɓatar masa da sanda. Bappa ya ce wannan gaskiya ne, har yau ba a gano ta ba. Sai labari ya kai tike, inda wani jan bijimi mai dogayen ƙaho ya tsinke igiya ya nufi wata tsohuwa mai tallar nono. Bappa ya tsayar da ni ya tambayi igiyar wa ce. Na duba, na ce ba a faɗa ba. Ya ce ba sai an faɗa ba, duk tike an san mai sayar da ruɓaɓɓun igiyoyi. Ba Modu ya daina dariya na ɗan lokaci. Da na karanta yadda kowa ya gudu sai Alhaji Buba kaɗai ya sha gaban bijimin ya kama ƙahonsa, ya tsirar da tsohuwar kafin ƙahon ya same shi a haƙarƙari, Bappa ya gyara zama, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi dai ba a taɓa samun bijimin da ya kayar da shi ba, amma kama ƙahon, haka zai yi, yaron ya san ubansa.

Wurin jana'iza ne ya fi ɗaukar lokaci. Hamidu ya rufe kasuwar shanu ranar, ya tsayar da motocin kudu, ya jera sahu tun daga ƙofar gida har gadar mayo, ya kawo mutane daga garin Uba da ƙauyukan Kamaru, har da waɗanda suka taɓa faɗa da marigayi suna neman gafara a bakin makara. Bappa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sake maimaita wurin da aka rufe kasuwa, a hankali, don Ba Modu ya ji da kyau irin jana'izar da ake yi wa iyayen gidansa. Da na zo inda aka ce Dada ta yanke jiki ta faɗi sumammiya, sai murya ta fito daga bayan ƙofar zaure, inda ashe matan gida suke tsaye tun ɗazu, ta ce ita ba ta suma ba, tuwo ne a kan wuta. Bappa ya ce wa malamai kada su kula ta, zai suma, kunya ne kawai yake ji. Haka yake Hausarsa, mace da namiji duk hanya ɗaya yake bi da su.

Daga nan rubutun ya sauya, ni ma na ji muryata ta sauya. Hamidu ya bar taron ya koma cikin gida, ya rubuta abubuwan da za a daina gani. Ya rubuta ƙarar takalmin uban a zaure da yamma, wadda daga jinta ake gane ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba. Ya rubuta kaushin ƙafarsa da ya tsage saboda tsayuwa a rana. Ya rubuta yadda duk ranar kasuwa yake dawowa da ƙunshin tsire ya jefa wa yara, yana cewa wani ne ya tilasta masa karɓa kuma shi haƙori yake ciwo, alhali Hamidu ya taɓa hango shi tsaye wurin mai tsiren yana zaɓar tsoka da kansa. A nan babu wanda ya yi dariya. Bappa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, haƙorin yana ciwo wani lokaci.

Saura sakin layi ɗaya, da na hango abin da ke cikinsa na so in rufe littafin. Bappa ya ce an ce kada a tsallake komai. Hamidu ya koma baya kaɗan, zuwa lokacin da aka kawo uban gida da sauran numfashi. Marigayi ya kira manyan unguwa, ya kama hannun amininsa Ba Modu, ya ce ga wasiyyarsa: shanu na Allah ne, kudu ba za ta gudu ba, a bar Hamidu ya yi karatu har inda kansa ya tsaya. Yana gama faɗa ya yi kalmar shahada ya cika.

Hamidu yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya san cewa ko dai wannan sakin layi ya cece shi, ko ya sa a ɗora shi a motar shanu tun kafin hutu. Bappa ya ce shi bai faɗi haka ba. Ba Modu ya tashi zaune, ya gyara hula, ya ɗaure fuska irin ta alƙali.

"Ni ka kama wa hannu, Bafillace. A gabana ka faɗa."

"Yaushe?"

"Ranar da aka rufe kasuwa saboda kai. Ko ba a rufe ba?"

Bappa ya jawo ƙwaryar furarsa, Ba Modu ya ci gaba.

"Kama ƙaho ka ce haka ne. Sahu har gada ka ce a maimaita maka, ka sa ni na ji da kyau. Duk mutanen nan shaida ne. Yanzu an zo kan wasiyya ka ce ba kai ba ne? Takarda ɗaya ce. In ka ƙi wasiyya, to a buɗe kasuwa, a sallami mutanen Uba, ni da mai haƙa kabari mu kai ka, sai in ga ko zan sami lokaci."

Dariya ta ɓarke har cikin zaure. Bappa bai yi ba. Ya daɗe yana kallon littafin da ke hannuna, ya karɓa, ya juya shafukan da babban yatsansa, ko da yake boko ba karatunsa ba ne. Ya tambayi Malam Sagir ko da gaske yaron shi kaɗai ya tsara wannan duka, babu wanda ya faɗa masa. Malam Sagir ya ce shi kaɗai ne, kuma tun da ya fara koyarwa bai ga irinsa ba, shaidarsa ita ce ga shi ya taso manya da goro a kan mutumin da yake shan fura. Bappa ya ce shi ya shekara da shekaru yana yabon shanu a gaban masu saye, bai taɓa sa wani ya yi kuka a kan saniyar da ba ta nan ba. Sai ya rufe littafin ya ajiye a gefen cinyarsa, bai mayar wa malamin ba. Ya ce wa Ba Modu ya turo masa ɗan ƙanen shi Ba Modun da yake zaman banza ranar kasuwa, akwai mota mai zuwa kudu da ke neman mai bi. Hamidu ya ɗago kai a karon farko. Uban bai dube shi ba, ya sa hannu ya kwance ƙunshin goron ta'aziyyarsa ya fara raba wa jama'a.

Shugaban makaranta, wanda har lokacin kunya ba ta sake shi ba, ya karɓi goronsa ya yi gyaran murya. Ya ce ya ji daɗin yadda abu ya ƙare, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, yaron da ya yi wa mahaifinsa irin wannan ƙarya ya kuma wahalar da malamansa, dole ranar Litinin ya sha bulala a gaban kowa don ya zama darasi. Bappa ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya tauna a hankali da wancan haƙorin.

"Malam, Litinin zai zo makaranta, amma kada wanda ya taɓa shi," in ji shi. "Yaron maraya ne."